Daga Jos Zuwa Harobanda: Yadda Na Koyi Zama da Ƙwari da Namun Bakin Kogi

Aure ne ya kawo ni Yamai. A Jos aka haife ni, a can na yi karatu, a can kuma muka yi shekara huɗu na farkon aurenmu da maigidana, kafin harkar kasuwancinsa ta koma gida Nijar, ya ce mu tattara mu biyo shi. A watan Maris na 2019 muka taso, ni da ɗanmu mai shekara uku, muka biyo ta Kano da Katsina, muka ƙetare iyaka a Jibiya, muka kwana a Maraɗi, washegari muka ratsa Birnin Ƙonni da Doso, muka shiga Yamai bayan la'asar. Kafin tafiyar na shirya wa Faransancin da ba na ji, da Zabarmancin maƙwabta, da lissafin kuɗin sefa da ake yi da dala da jika, da kewar mahaifiyata. Abin da ko kusa bai faɗo mini a rai ba shi ne cewa aikin da zai fi cin lokacina shi ne sanin halittun da suka riga ni tarewa a gidan.

Jos gari ne na kan tudu, sama da mita 1,200 daga matakin teku, kuma sanyinsa yana rage wa ƙwari kaifi, ko da yake ba a rasa sauro da kyankyaso. Yamai kuwa a ƙasa take, a bakin kogin da muke kira Neja ko Kwara, mutanen nan kuma suke ce masa Isa, kuma daga Maris zuwa Mayu da wuya rana ta faɗi zafi bai haura digiri 40 ba. Gidan da maigidana ya kama mana haya yana Harobanda, wato hayin kogi bayan an ƙetare Gadar Kennedy, kusa da gonakin shinkafa na Kirkisoy. Ɗaki uku ne na siminti da tsakar gida mai yashi, da mangwaro ɗaya da dogon yaro ɗaya, da masai a kusurwa, kuma ya kusa shekara babu kowa a cikinsa. Kwana biyar da isowarmu maigidan ya tafi Kwatano ɗauko kaya, ya bar ni da yaro.

Kyankyasai ne suka fara yi mini maraba. Da rana ba ka ganin ko ɗaya, amma da na fito da tocila bayan isha sai in tarar bangon masai ya yi jawur da su, manya kamar babban yatsa, wasu har tashi suke yi su faɗa wa mutum a wuya. A dare na uku na farka na ji ɗaya yana tafiya a kan ƙafar yaron, daga nan barci ya ƙaurace mini. Da gari ya waye na sayo maganin da na sani tun gida, wanda muke kira otapiyapiya, a nan kuma piya-piya, wanda ake sayarwa a ƙananan kwalabe marasa takarda. Na zuba shi a masai, na yayyafa a kusurwoyin ɗakin kwana da ƙarƙashin gado da la'asar, na rufe taga da ƙofa don ya kama da kyau, sannan bayan magariba na buɗe na ɗan lokaci muka shiga muka kwanta. Wajen ƙarfe ɗaya na dare tarin yaron ya tashe ni. Yawu na dalala daga bakinsa, gumi ya jiƙa rigarsa, ya yi amai sau biyu, numfashinsa kuma yana fita da wani kurari da ban taɓa ji ba. Na fito da shi tsakar gida ina kuka, har na ɗauko manja zan ɗura masa kamar yadda ake yi a wajenmu, sai maƙwabciyata ta ji hayaniya ta leƙo, ta ƙwace kwalbar, ta tayar da mijinta ya kai mu likita a babur. A Nijar asibitin kansa ake kira likita, kuma a daren nan na koyi kalmar.

Allah ya taƙaita, bayan allura da ƙarin ruwa numfashinsa ya daidaita, aka sallame mu da yammacin washegari. Amma malamin da ya duba shi bai bar ni na tafi ba sai da ya zaunar da ni ya yi mini bayani da Hausa. Ya ce sinadarin da ke cikin piya-piya ana kiransa dikulorbos, yana shiga jiki ta numfashi da ta fata, kuma yadda yake rikita jijiyoyin ƙwaro haka yake rikita na ɗan Adam, yaro kuwa jikinsa ƙarami ne kuma ya fi kusa da ƙasa inda aka zuba shi. Ya ce manja da madara ba sa karya wannan guba, sai dai su sa yaro ya shaƙe, abin yi shi ne a fitar da shi sarari, a cire masa tufafi, a wanke jikinsa da sabulu, a garzaya likita da kwalbar a hannu. Ya kuma ja mini kunne a kan ƙwayar nan da ake sa wa wake da masara a sito, wadda wasu ke jefawa a ɗakin kwana saboda ɓera, domin iskar da take fitarwa idan ta sha danshi tana kashe mutum yana barci.

Labarin ya kai Tawa, bayan kwana uku sai ga surukata, Inna, ta sauka da ƙullin kayanta, tana cewa mako biyu za ta yi, mako biyun da ya zama shekara biyu. Na zaci faɗa za ta yi mini. Ba ta ce komai a kan maganin ba, illa ta ɗauki jikanta ta dudduba idanunsa, ta sha fura, sannan ta miƙe ta ce, "Ɗiyata, taho ki gwada mini inda ruwa ke kwana a gidan ga." Ban gane nufinta ba sai da muka fara zagaye. Famfon tsakar gida yana ɗiga, ƙarƙashinsa ya yi gansakuka. Ruwan wanke-wanke yana bin wata 'yar kwata ya tsaya a gindin bango. Murfin ramin masai ya tsage, bututun da ke fitar da iskarsa a buɗe yake, bakin masan kansa kuma babu marufi. A bayan ɗaki akwai tarin bulo da tsohuwar taya da magina suka bari. Duk inda muka tsaya sai Inna ta nuna da sandarta ta ce a ƙasar da ake wata bakwai ko takwas ba a ga ɗigon ruwan sama ba, duk mai rai ruwa yake bi, kuma wanda ya bar ruwa ya kwana a gidansa shi ya aika wa ƙwari goron gayyata. Da muka shiga madafa ta ga buhun shinkafa a ƙasa da kwanukan dare a jiƙe, sai ta yi murmushi ta ce, "In ɓera da sata, daddawa ma da wari."

Aikin ya ɗauke mu kusan mako uku, kuma kuɗin da ya ci bai kai abin da na biya a likita ba. Magini ya toshe tsagar murfin ramin da siminti, ya bi ɗakuna ya cike duk wata kafa da ke tsakanin bango da daɓe. Aka ɗaura ragar waya mai ƙananan idanu a bakin bututun iska da tagogi, aka yanko faranti na ƙarfe mai mariƙi ya zama marufin masai. Mai walda ya ƙara wa ƙofofi ƙarfe daga ƙasa, domin tazarar da ke tsakaninsu da dokin ƙofa ta isa tafin hannu ya shige. Aka gyara famfo, aka haƙa wa ruwan wanke-wanke rami aka cika shi da tsakuwa, aka kwashe bulo da taya. Daga nan Inna ta kafa doka cewa ba kwanon da zai kwana ba a wanke ba, kuma shara ba ta kwana a cikin gida. Kyankyasai ba su ƙare ba, domin na maƙwabta suna tsallako katanga, amma daga ɗaruruwa suka koma ɗaya ko biyu da silifas ke gamawa da su.

Kunama ce ta biyo baya, kuma a jikina ta gabatar da kanta. A watan Afrilu ɗaki ba ya kwantuwa idan babu wuta, don haka kowa a tsakar gida yake kwana, lokacin da ita ma kunama take fitowa farauta. Inna ta hana shimfiɗa katifa a ƙasa, ta sa aka fito da gadajen ƙarfe aka janye su daga bango, a kuma cusa gidan sauro ƙarƙashin katifa ko da ba sauro. Ta koya wa yaron kakkaɓe takalmi kafin ya sa, har ya mayar da abin wasa. Ni da ake koya wa kuwa, wata asuba na cusa hannu a buhun gawayi ba tocila, sai na ji kamar an soka mini allurar da aka gasa a wuta a ɗan yatsana na tsakiya. Na fizge hannun, na haska, sai ga ta, 'yar ƙarama ruwan ƙasa-ƙasa mai siraran hannuwa, ta ɗaga ƙari tana jira. Raɗaɗin ya haura gwiwar hannu ya kai hammata, yatsan ya yi nauyi kamar ba nawa ba, kuma ko iska ta taɓa shi sai na ji har cikin haƙorana. Inna ta wanke wurin da sabulu, ta aika aka sayo ƙanƙara aka naɗe a tsumma aka ɗora, na sha farasitamol, na wuni ina safa da marwa, sai dare ciwon ya lafa. Ta faɗa mini abin da daga baya malaman likita suka tabbatar, cewa baƙar nan babba mai manyan hannuwa da ake kira duwu ta fi ban tsoro a ido, amma ƙananan masu siraran hannuwa da kaurin wutsiya su ne masu mugun dafi, kuma babba kan sha azaba ya warke, yaro kuwa ba a jira da shi ko minti ɗaya, likita ake nufa. Da maigidana ya dawo ya kawo 'yar tocilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi da ita, domin jikin kunama yana ƙyalli kore-kore a ƙarƙashin wannan haske. A daren farko mun tsinci huɗu a gindin katanga.

Asarar da har yau ke yi mini ciwo ta gara ce. Na taho da kwalaye biyu da ban buɗe ba, na jingine su da bango a ɗakin baƙi, a ciki akwai littattafaina, da hotunan bikinmu, da atamfofi shida na kayan lefe da nake ta adanawa. A farkon Yuni na je ɗauko takardar haihuwar yaro, na ɗaga kwali sai gindinsa ya zauna a ƙasa, samansa ya biyo hannuna. Ciki ya zama ƙasa mai danshi, fararen ƙwari suna ta kai-kawo, littattafan sun rage bango kawai, atamfofin kuma an huda su daga ninki zuwa ninki, ta yadda idan an warware turmi sai ka ga ramuka a jere kamar da gangan aka yi ado. Hoto uku kawai na tsira da su. Na zauna a wurin na yi kuka mai isata, Inna ta bar ni sai da na gama, sannan ta nuna mini wani siririn zanen laka da ya taso daga tsagar daɓe ya bi bango ya shige bayan kwalin. Ta ce gara ba ta son haske da busasshiyar iska, shi ya sa take gina wa kanta wannan rufaffiyar hanya, gidanta kuma yana can ƙarƙashin ƙasa inda uwarsu take, don haka wanda ya kashe na sama bai yi komai ba. A ranar na gane dalilin da ya sa ƙofofi da tagogi da gadaje a Yamai kusan duk na ƙarfe ne, da dalilin da ya sa masu ginin ƙasa suke neman azarar giginya irin ta yankin Gaya, wadda gara ba ta cika iya mata ba. Tun daga nan takardu suka koma akwatin ƙarfe, komai na gidan ya hau kan benci mai ƙafar ƙarfe da tazarar taƙi ɗaya daga bango, kuma duk ranar Asabar nakan bi gindin bango da tsohuwar wuƙa in kankare duk zanen laka da na gani, magini ya zo ya toshe inda ya fito.

Da ruwan farko mai ƙarfi ya sauka, shinge ya taso ya rufe ƙwan lantarki, da safe muka share fukafukai cike da faranti. Wannan bai dame ni ba, a Jos ma muna da shi, kuma kwano da ruwa a ƙarƙashin fitila ya isa. Hangara ce ban sani ba. Wani dogon ƙwaro ne mai laushin jiki da ke yawaita idan gero ya fara fitar da kai, wajen Agusta da Satumba, yana bin haske da dare. Ba ya cizo, amma idan ya sauka a jikin mutum ya murje shi, ruwan jikinsa yana tayar da bororo kamar ƙunar tafasasshen ruwa. Na mari ɗaya a wuyana ina tankaɗe, washegari na tashi da bororo mai tsawon yatsa, tabonsa ya yi wata biyu. Dabararsa ita ce a hure shi ko a kaɗe shi da mayafi, in kuwa an riga an murje, a wanke wurin nan take da ruwa da sabulu, kada a kai hannun ido. Muka ɗauke fitilar waje daga bakin ƙofa muka mayar da ita can jikin katanga.

Sauro shi ne babban yaƙin, kuma shi ne wanda na fi raina wa wayo da farko, don ina ganin na san shi. Damina a Yamai gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba, amma ruwan yana zuwa da ƙarfi ya kwanta a kan hanyoyi, ga kuma gonakin shinkafa a bayanmu. Mai yawan kuka a kunne, wanda ke hayayyafa a kwata da ramin masai, shi ne ya fi hana barci, amma mai kawo zazzaɓin cizon sauro daban yake, ya fi son kwantaccen ruwan sama da rana ke dukansa, ko da na sawun tayar mota ne, yana cizo cikin dare, kuma daga ƙwai zuwa mai fiffike kwana goma ko ƙasa da haka ya ishe shi a wannan zafi. Saboda haka duk bayan ruwa nakan zagaya in kifar da gwangwani da kasko, in cike kwaruruwan ƙofar gida da yashi, randuna da jarkoki kuma a rufe. Gidan sauro mai magani sai an shanya shi a inuwa yini guda kafin a fara kwana a ciki, ba a yawan wanke shi, ba a kuma shanya shi a rana. A watan Yuli ma'aikatan lafiya suka ƙwanƙwasa ƙofa da maganin rigakafi na damina da ake ba yara daga wata 3 zuwa wata 59, sau ɗaya a wata har zuwa Oktoba, su ba da na ranar farko a gabansu, uwa ta ba da na kwana biyun da suka rage. Na yi ɗari-ɗari, saboda abin da ya same shi a baya, amma Inna ta ce duk jikokinta na Tawa suna sha. Yaron ya fita daminar lafiya. Ni ce zazzaɓi ya kayar a Satumba, kuma na san laifina ne, domin ni ke zama hira a waje har ƙarfe goma sha ɗaya da ƙafafu a buɗe.

Akwai kuma waɗanda na koyi ƙyalewa. Jemagu manya suna zuwa kan mangwaro da dare su yi ta ƙara, su bar guntayen da suka gatsa a ƙasa, abin da ya rage gare ni shi ne in share da sassafe kafin yaro ya tsinta, in kuma kwashe shanya kafin magariba. Wata bushiya tana zaune a ƙarƙashin itacen girki, Inna ta hana a taɓa ta don tana cin ƙwari. A kan tsaka ne kawai muka saɓa, domin Inna ba ta ganin tsaka ta bar ta, ni kuwa na lura da yadda take lashe sauro a jikin ragar taga, kuma an tabbatar mini ba ta da dafi, kashinta ne abin kiyayewa a abinci. Ban ja da surukata ba. Ita tana bin na ɗakinta da tsintsiya, ni ina rufe tukwanena in kau da kai daga na madafa.

Da sanyi ya shigo na sayo barguna na gwanjo, ban wanke ba na shimfiɗa, bayan mako uku muka fara tashi da ƙuraje a jere da ɗigon jini a zanen gado. Kuɗin cizo ne, wanda Inna ke kira gazunzumi. Da a da ne piya-piya zan nufa. Wannan karon muka fitar da gadaje muka kwarara tafasasshen ruwa a kowace gaɓa, muka naɗe katifu a baƙar leda muka bar su a rana yini uku, muka dafa barguna da zannuwa, na bi ɗinkin katifa da dutsen guga. Sirrin aikin shi ne maimaitawa bayan kwana goma, saboda ƙwan da ya tsira yana ƙyanƙyashewa a cikin wannan tsakani. Sau uku muka yi kafin mu huta.

Ɓera kuwa ba na yi masa kallon wasa, domin duk ɗan Jos ya san zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969, kuma a garinmu aka yi jinyar waɗanda suka fara kamuwa da shi. Guba ba ta shiga gidana, ga yaro ga kajin Inna, ga kuma warin wanda ya mutu a silin. Hatsi ya koma durom mai marufi, tarkuna suka jeru a gindin bango da ƙuli-ƙuli, tun da ɓera bango yake bi ba ya ratsa fili, kashinsa kuma sai na yayyafa masa ruwan jabel, wato bilic, kafin in share don kada ƙurarsa ta tashi. Maƙwabciyata ta ba mu 'yar kyanwa, wadda a nan ake kira mussa, ita ta ƙarasa aikin.

Duk wannan tsari ya gamu da jarrabawarsa a watan Satumba na 2020, lokacin da kogi ya cika fiye da yadda aka taɓa aunawa a Yamai, ya fasa datsin da ke kare unguwar Lamorde, ruwa ya malale unguwannin hayin kogi, dubban mutane suka koma makarantu da kayansu a ka. Gidanmu yana ɗan tudu, ruwan ya tsaya a layin da ke ƙasa da mu, sai dai duk abin da ruwa ya kora daga gonaki wajenmu ya nufo. Kwaɗi suka cika tsakar gida, gafiya ta haƙa rami a gindin dogon yaro, samarin unguwa suka kama guza a kan katangarmu suka yi dabge da shi. Ranar huɗu da magariba na shiga madafa, sai na ji huci daga bayan durom, na haska na ga baƙin maciji ya fasa kai. Kafin in yi ihu Inna ta riƙo zanena ta baya ta ce a hankali, "Kak ki gudu, ɗiyata, kare idonki ki ja da baya." Kumurci ne, irin mai feshin dafi a ido daga nesa. Muka fito muka ja ƙofa, maza suka zo da dogayen sanduna suka kashe shi. A daren ta karanta mini abin da ake yi: idan ya tofa a ido a yi ta wankewa da ruwa mai yawa, idan sara ne kuma ba ɗauri, ba tsaga, ba tsotsa, a hana gaɓar motsi a ɗauki mutum zuwa likita. Ta ce ta ga wanda ɗauri ya ci wa ƙafa bayan dafin bai kashe shi ba. Da muka bincika, ta ramin fitar ruwan madafa ya shigo, ramin da muka manta ba mu sa wa raga ba.

Dorina ban taɓa haɗuwa da ita a tudu ba, amma nakan ji kukanta daga kogi idan dare ya yi shiru, kuma na ga sawunta a lambun wani dattijo da muke sayen salak a wajensa, ta tattake rabin fangalinsa a dare ɗaya. Doka ta hana kashe ta, don haka masu lambu wuta suke hurawa su kwana suna kaɗa gwangwani. Mutanen bakin kogi ba su manta da 2014 ba, lokacin da dorina ta kifar da jirgin ruwa kusa da Libore da ke dab da Yamai, 'yan makaranta da dama suka rasu. Yarona ya ga dorina a gidan tarihi na Bubu Hama, ta bayan shinge, kuma na gaya wa babansa cewa wannan ganin ya wadatar, ba za a sa mini shi a kwalekwale don yawon kallo ba.

Inna ta koma Tawa bayan ƙaramar sallar 2021, ta bar mini kajinta da sandarta. Har yanzu muna gidan, kuma masu gida sun gaji da kiran da nake yi musu a kan tsagar bango. Da safiyar yau na kankare wani sabon zanen gara a bayan durom na gero, na sa alama da gawayi, magini ya ce zai zo ranar Asabar. Iska ta fara juyowa daga yamma, hadari yana haɗuwa da la'asar yana watsewa, don haka gobe zan sauke gidajen sauro in duba huji, in aika a sayo amalanken yashi saboda kwarin ƙofar gida.